Babi na Biyar: Tankin da Ke Kwance

Kusan duk man da ke tayar da injinan ban ruwa a fadamun ƙasar Aliero ta hanya ɗaya yake isowa. Ita ce babbar hanyar da ta taso daga Kontagora, ta ratsa Yawuri da Koko, ta bi ta Maiyama ta faɗa Jega, sannan ta miƙe ta Aliero da Tambuwal har Sakkwato. Daga lokacin dashen albasa, wajen Nuwamba da Disamba, har zuwa cirarta a bazara, manomin Jiga Makera ko Sabiyal ko Kashin Zama ba ya kwana bai yi lissafin fetur ba, musamman tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta taka 1,000 a wurare da yawa. Abin da a da yake zuba a ƙasa ba a ko waiwaya, yanzu a kansa ake ɓatawa.

Man nan, kafin ya kai bakin inji, a kwance yake yin tafiyarsa duka. Tankar da ta ɗauko shi daga daffo, tanki ne kwance bisa tayoyi. Gidan man da ya karɓa a Jega ko Maiyama, tankinsa a kwance yake, a binne ƙarƙashin siminti. Wanda ya sara ya kai ƙauye, sau da yawa a duro yake zubawa, ya kwantar da shi bisa tsohuwar taya ko bulo biyu don ya ji daɗin tsiyaya. Haka tankin gas na injin casar shinkafa, da na janaretan asibiti, da duron ruwan da ake ɗaurewa a amalanke. Dalilin kwanciyar a fili yake: tankin da ke kwance ba ya bukatar rami mai zurfi, a kan mota kuma nauyinsa yana ƙasa, ba ya saurin kifar da ita. Sai dai kwanciyar ta zo da wata matsala wadda da yawa daga masu cin abinci da mai ba su san da ita ba, kuma ta sha raba ubangida da yaronsa.

Rigimar takan tashi ne washegarin ranar da aka sauke mai. Mai gidan man ya zo da hantsi, a ɗaga murfin ƙarfe, a kawo sanda. Doguwar sandar katako ce, an tsattsaga mata layuka santimita bayan santimita, gindinta ya yi baƙi don shan mai. Yaro ya goga mata alli, ya zura ta a hankali har ta dunguri ƙasan tanki, ya zaro da sauri kafin fetur ya bushe, su duka su sunkuya suna duban inda jiƙa ta tsaya.

"Jiya da safe nawa muka gani?"

"190, Alhaji."

"Yau fa?"

"160."

Faɗin tankin santimita 200 ne, wato mita 2, tsawonsa mita 5, yana cin lita 15,708 idan ya cika maƙil. Alhaji ya daɗe da raba 15,708 gida 200, ya samu 78.54, ya kuma riƙe a ransa cewa kowace santimita a jikin sanda lita 78.54 ce. Mai ya sauka da santimita 30, don haka a lissafinsa lita 2,356 ta fita. Aka duba mitar famfo, ta nuna 1,943. Aka ƙirga kuɗi, kuɗin 1,943 ne cif.

"To ina sauran lita 413?"

"Ranka shi daɗe, abin da famfo ya nuna ke nan. Wallahi ko kwalba ɗaya ban taɓa ba."

Gaskiya yaron ya faɗa. Babu litar da ta ɓata. Tsakanin santimita 190 da 160 a tanki mai wannan girma, lita 1,943 ce kawai take zaune, ko wa ya auna. Amma idan lita tana naira 1,000, ana tuhumarsa da fiye da naira 400,000, kuɗin da albashinsa na watanni ba zai biya ba. Wani a cire masa a albashi, wani a kore shi, sunan ɓarawo kuma ya bi shi har gida, a garin da kowa ya san uban kowa.

Kuskuren Alhaji daga duron da ke tsaye ya samo asali, da tankin roba na ruwa da ake ɗorawa bisa gini. Waɗannan faɗinsu ɗaya ne daga ƙasa har sama, saboda haka rabin sanda rabin ruwa ne, rubu'in sanda rubu'in ruwa. Ido ya saba da haka tun yarinta. Tankin da ke kwance kuwa, ka tsaya ta ƙarshensa ka duba, da'ira ce. Can ƙasa a tsuke take, tana buɗewa har ta kai tsakiya, daga nan ta sake tsukewa har sama. Sanda zurfi kawai take gani, ba ruwanta da faɗi. A tankin Alhaji, santimitar farko ta can ƙasa lita 9 da 'yan kai take ɗauka. A wajen zurfin santimita 10, kowace santimita tana ɗaukar kimanin lita 44. A wajen 50 ta kai 87. A tsakiya daidai, inda faɗin mai ya kai 200, santimita ɗaya lita 100 ce. Daga nan sai abin ya juya ya riƙa raguwa yadda ya hau. Layukan sanda duk tazararsu ɗaya, amma wani layin ya ninka wani sau goma a yawan mai.

Wuri uku kaɗai lissafin Alhaji yake yin daidai: idan tanki wayam ne, idan ya cika, da idan mai yana tsakiya cif. Wannan na ukun shi ya fi yaudara, don mutum ya taɓa gwadawa ya ga rabin sanda ya ba shi rabin mai, sai ya sakankance.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne ɗaya fuskar tasa. A ce bayan kwana biyu mai ya sauko daga santimita 130 zuwa 70. A lissafin Alhaji, santimita 60 sau 78.54, lita 4,712 ke nan. Abin da ya fita da gaske lita 5,909 ce. Idan yaron mai amana ne, zai kawo kuɗin 5,909, Alhaji ya yi murna ya ce mai ya yi albarka. Idan kuwa marar tsoron Allah ne kuma ya gano lagon, yana iya karkatar da lita 1,197, ya kawo kuɗin 4,712, a yi masa godiya. Lissafin da ke ɗora wa mai gaskiya sata idan tanki yana sama ko ƙasa, shi ne yake rufa wa ɓarawo asiri idan mai yana tsakiya. Mun taso muna jin wa'azi a kan tauye mudu, har akwai sura guda a Alƙur'ani da ke ɗauke da sunan masu yin haka. Amma galibi hankalinmu yana kan mai tauyewa da gangan. Wanda ya auna da ma'aunin da bai fahimta ba, ya ci haƙƙin bawan Allah da shi, shi ma yana da tambayar da zai amsa, domin ilimin da zai raba shi da kuskuren ba ɓoyayye ba ne.

Ba kuma sabo ba ne. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya rubuta littafinsa na Aljabru wal Muƙabala, domin bukatun mutane na yau da kullum: rabon gado, ciniki, awon gonaki, haƙar magudanan ruwa. A babin awon fili ya kawo yadda ake gano girman gutsuren da'ira, kuma hanyarsa ita ce har yau injiniyoyi suke bi. Ga yadda abin yake. Idan ka dubi man da ke cikin tanki ta ƙarshe, siffar baka gare shi. Lanƙwasar ƙasan tanki ita ce bakan, saman mai da ya kwanta sambal shi ne tsirkiya, zurfin da sanda take aunawa kuma shi ne kibiya. Da waɗannan sunaye malaman wancan zamani suka kira su. Abin da ake nema shi ne filin da ke tsakanin baka da tsirkiya. Da zarar an same shi, a ninka da tsawon tanki, aiki ya ƙare.

Dabarar ita ce a kewayo wa abin ta baya. Ka ja layi biyu daga cibiyar da'irar zuwa bakin tsirkiya na dama da na hagu. Sun yanko maka wani yanki mai tsini a cibiya, mai faɗi a ƙasa. Wannan yanki kashi biyu ne: a ƙasa akwai bakan da mai ya cika, a samansa akwai alwatika wadda iska ce kawai a ciki. Filin yankin gaba ɗaya yana da sauƙin samu, na alwatika ma haka. Ka ɗebe na biyu daga na farko, abin da ya saura shi ne naka.

Mu gwada da tankin Alhaji ranar da sanda ta nuna 50. Rabin faɗin tanki 100 ne. Filin da'irar duka shi ne 3.1416 sau 100 sau 100, wato 31,416. Daga cibiya zuwa saman mai akwai tazarar 100 a ɗebe 50, saura 50. Ka raba wannan 50 da rabin faɗi, 100, ka samu 0.5. Yanzu sai kalkuleta irin ta 'yan sakandare, ko ta waya idan an juya ta ta kwanta. Ka tabbata tana kan digiri, ka danna cos⁻¹ na 0.5, za ta ba ka 60. Wannan rabin kusurwar yankin ne, cikakkiyar kusurwa 120 ke nan. Da'ira digiri 360 ce, 120 kuwa sulusinta ne, don haka filin yankin sulusin 31,416 ne, wato 10,472.

Saura alwatika. Tsayinta shi ne tazarar nan 50. Rabin tsirkiya kuma da ƙa'idar da magina suke daidaita kusurwar ɗaki da ita ake samo shi: 100 sau 100, a ɗebe 50 sau 50, saura 7,500, sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 7,500. Maɓallin √ zai ce 86.6. Filin alwatika shi ne 50 sau 86.6, wato 4,330. A ɗebe shi daga 10,472, saura 6,142. A ninka da tsawon tanki, santimita 500, a raba da 1,000 don a mayar lita. Amsa: lita 3,071. Rubu'in sanda ke nan, amma rubu'in tanki lita 3,927 ne. Bambancin lita 856. Wanda ya ga sanda a 50 ya yi wa manoma alkawarin lita 3,900 kafin wata tanka ta iso, zai ji kunya.

Mai karatu ya gwada da kansa a zurfin 40. Lambobin suna da daɗin aiki: tazara 60, rabin tsirkiya 80, rabin faɗi 100, wato 3, 4, 5 ɗin magina sau ashirin. Kusurwa za ta fito 106.26, yanki 9,273, alwatika 4,800. Idan ka samu lita 2,237 ko kusa da haka, hannunka ya faɗa. Idan mai ya haura tsakiya kuwa, ba sai an sake wata dabara ba. A auna sararin da ya rage a sama, a lissafa shi kamar shi ne man, a ɗebe daga cikakken tanki. Da haka muka san a santimita 150 akwai 15,708 a ɗebe 3,071, wato lita 12,637.

Kusurwar nan ita ce wahalar aikin kafin zuwan kalkuleta, shi ya sa mutanen da suka nemi gajerar hanya. Wani tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin, mai babi tara, ya ce a ninka tsirkiya da kibiya, a ƙara kibiya sau kibiya, a raba biyu. Idan aka bi wannan a tankinmu a zurfin 50, lita 2,790 za a samu, an yi ƙasa da 281. Wani masani mai suna Liu Hui da ya yi wa littafin sharhi a shekarar 263 ya nuna cewa ƙa'idar kusa take kai mutum, ba ta kai shi daidai. Ga mai awon gona, wannan gibi ba komai ba ne. Ga mai sayar da fetur a yau, jari ne.

Ba kowa ne zai zauna yana danna cos⁻¹ kullum safiya ba, kuma ba a bukatar haka. Alherin da ke cikin da'ira shi ne duk girmanta ɗabi'arta ɗaya. Ka raba zurfin mai da faɗin tanki, kason da ka samu zai gaya maka kason mai, ko duro ne ko tankin lita 45,000. Zurfin kashi 10 cikin 100 yana nufin mai kashi 5.2. Zurfin kashi 20, mai kashi 14.2. Kashi 25 yana ba da 19.6, kashi 30 yana ba da 25.2, kashi 40 yana ba da 37.4, kashi 50 kuma 50. Na sama juyin na ƙasa ne: 60 yana ba da 62.6, 70 yana ba da 74.8, 80 yana ba da 85.8, 90 yana ba da 94.8. Wanda ya haddace rabon gado, da sumuni da sudusi da sulusi, waɗannan ba za su gagare shi ba. In ma biyu kawai mutum zai riƙe, ya riƙe cewa rubu'in sanda humusin mai ne, rubu'in mai kuma sai sanda ta kai kashi 30.

Mu sauko daga gidan mai zuwa bakin gona. Duron ƙarfe da aka saba da shi, wanda ake kira na lita 200, faɗinsa ta ciki kimanin santimita 57 ne. A ce manoma huɗu a Jiga Makera sun haɗa kuɗi sun cika shi, sun kwantar da shi a zaure, kowa lita 50. Uku sun ɗiba, na huɗu ya zo ya tsoma kara ya ga jiƙa ta tsaya a santimita 14, rubu'in faɗin duro. Abokansa suka ce, "Ga naka nan, rubu'i cif." Ba cif ba ne. Lita 39 ce. Da lita 50 ce ta rage, da kara ya nuna 17. Tsakanin 14 da 17 bai wuce faɗin yatsu biyu ba, amma lita 11 ce a ciki, ban ruwan da zai iya raba albasar da ta yi kai da wadda ta tsumbure. Babu wanda ya yi niyyar cutar wani a cikinsu. Kowa ya ɗiba ne da ido, ya ɗan zarce ba tare da ya sani ba, na ƙarshe ya kwashi asarar.

Duk wannan lissafi na takarda ne, tankin gaske kuma yana da nasa halin. Dole a faɗi wannan, kada wani ya ɗauki lambobin nan ya je ya yi sabuwar rigima da su.

Na farko, ƙarshen tanki. Mun ɗauka a shafe yake. Tankunan da masu walda suke naɗawa da falle galibi haka suke, amma da yawa daga na kamfani ƙarshensu a turo yake waje, kuma turowar tana ɗaukar nata man, wanda sai an lissafa daban. Sannan faɗin da ake bukata na ciki ne. Idan tanki a sarari yake, a zagaya shi da igiya, a raba tsawon igiyar da 3.1416, a ɗebe kaurin ƙarfe sau biyu. Idan a binne yake, sandar ce za ta faɗa, daga ƙasa zuwa inda wuyan bututu ya haɗu da jikin tanki.

Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne karkata. Tankin da aka binne shekara goma, damina ta yi ta ratsa ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da wuya ya zauna yadda aka ajiye shi. A ce gefe ɗaya ya nutse da santimita 4 kacal, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Idan ramin sanda a tsakiyar tsawon tanki yake, da sauƙi, don abin da ya ƙaru a nan ya ragu a can. Idan kuwa a ƙarshe yake, sanda za ta yi ƙari ko ragi na santimita 2, a tsakiyar tankin Alhaji kuma santimita 2 lita 200 ce. Ita kanta sandar tana cinyewa. Kullum ana dungura ta a ƙarfe, gindinta yana gugewa, bayan shekaru sai ta riƙa nuna mai fiye da yadda yake. Shi ya sa masu lura suke sa wa gindin hular tagulla. Tagulla ko katako, ban da ƙarfe, don ƙarfe yana iya ƙyasta wuta. A kan haka nake roƙon mai karatu: wayar da za ka yi lissafi da ita, ka bar ta a ofis, ka zo da biro da takarda bakin tanki. Kada a haska ramin da ashana ko fitila, kada kuma a tura yaro ya shiga tankin da aka ce babu komai a ciki. Tururin da ya rage ya isa ya kashe shi.

Akwai ruwa. Ya fi fetur da gas nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, sanda kuma tana ƙirga shi a matsayin mai. Akwai wani man shafawa da ake sayarwa don haka, a shafa a gindin sanda, inda ruwa ya taɓa ya canja launi. Idan ya nuna ruwa santimita 10, sai a lissafa bakansa daban, kimanin lita 294 a tankinmu, a ɗebe daga jimla. Ba a ɗebe santimita 10 daga zurfin sama, don santimitocin sama sun fi na ƙasa ciki nesa ba kusa ba. Wannan kuskure ne da har waɗanda suka san aikin sukan faɗa.

Sai zafi. Fetur yana buɗewa da kimanin lita 1 cikin kowace 1,000 idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, gas kuma ƙasa da haka kaɗan. Tanka mai lita 33,000 da aka yi wa lodi da zafin rana, aka sauke ta da asubar hunturu man ya huce da digiri 10, za ta iya nuna gibin lita 300 da wani abu alhali hatiminta lafiya lau. Direbobi sun san wannan a jikinsu, don su ake fara kallo idan aka ga gibi. Saboda haka ne a cinikin mai na duniya ake mayar da awo zuwa digiri 15 kafin a yi hisabi. Ita tankar ma yawanci ba da'ira ba ce sosai, ta fi faɗi a kan tsayi, kuma an raba cikinta ɗaki-ɗaki. Idan siffar ƙwai ce ta gaskiya, kason da muka kawo a sama yana aiki a kanta. Amma masu ƙera ta ba kullum suke bin wannan siffa ba, shi ya sa kowace tanka take yawo da takardar awonta, kowane ɗaki da nasa, ana auna sararin da ya rage daga sama a kwatanta da abin da aka rubuta a daffo.

Abin da ya dace da tanka shi ya dace da tankin ƙasa. Kowane tanki ya samu takardarsa, wadda ke faɗin litar da ke kowace santimita, kuma takardar wani ba ta yi wa wani ko da mutum ɗaya ya ƙera su. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa a madadin DPR, ita ke sa ido a kan gidajen mai, sashen awo da ma'auni na ma'aikatar ciniki ta tarayya kuma yana da hurumi a kan ma'aunan kasuwanci. Akwai ƙwararrun da aikinsu ke nan, kuma a ganina kuɗin da za a biya su bai kai asarar mako ɗaya na lissafin ido ba. Hanyar da ta fi kowace tabbas ba ta ma bukatar cos⁻¹. A kwashe tanki, a riƙa zuba mai ta mitar da aka tabbatar da ita, lita 200 ko 500 a kowane karo, a jira ya natsu, a tsoma sanda, a rubuta. Wannan hanya tana haɗiye karkata da turowar ƙarshe da lotsewar ƙarfe gaba ɗaya, domin tankin ne da kansa yake ba da amsa. Amfanin lissafin takarda a nan shi ne ya zama shaida na biyu. Idan takardar da aka ba ka ta ce rubu'in sanda rubu'in mai ne, ka san a tebur aka zauna aka rubuta ta, ba a bakin tanki ba.

Manomi ma yana iya yin irin wannan da duronsa cikin awa ɗaya, da ruwa, kafin ya fara zuba mai. Ya kwantar da duron a inda zai zauna, ya tokare shi kada ya mirgina, ya samo kara miƙaƙƙe. Ya zuba lita 10, ya tsoma, ya tsaga da wuƙa. Ya ƙara 10, ya sake tsagawa, har ya cika. Sharaɗin kawai ma'aunin ya zama na gaskiya, don jarkar da ake kira ta lita 25, idan ta sha rana ta buɗe ciki, tana cin fiye da haka. Idan ya gama zai ga tsagar farko tana wajen santimita 5 da rabi, amma a tsakiya tsagogin sun matsu, tazararsu ba ta fi santimita 2 da 'yan kai ba. Sai ya shanya duron ya bushe sarai, ya rataye karan kusa da shi.

A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi tun 2006, ɗalibanta na lissafi da injiniya suna wuce gidajen mai da shagunan masu walda kullum. Shirya wa tanki takardar awo aikin yini ɗaya ne ga ɗalibin da ya iya kwamfuta, kuma aiki ne da za a gode masa a kai. Ina kuma kira ga malaman lissafi na sakandaren Jega da Aliero da Maiyama. Awon gutsuren da'ira yana cikin manhajar da kuke koyarwa, yara suna haddace shi don jarrabawa su manta. Ranar da za ku koyar da shi, ku aro duro, ku kwantar da shi a gaban aji, ku sa su lissafa inda lita 50 za ta tsaya kafin a zuba ruwan, sannan a zuba a tsoma kara a gabansu. Da yawa daga cikinsu gidajen mai da gonakin albasa za su koma.